Shin Gawa Tana Iya Tashi Ta Yi Cizo? Zancen Zombi a Kudancin Kaduna

KAFANCHAN — Tun da finafinan Turawa suka bar gidan silima suka koma cikin wayar hannu, wata kalma ta zauna daram a bakin samarin Kafanchan da Kagoro da Zonkwa, watau zombi. Manya ma ba yau suka fara jinta ba, domin da wannan suna ne Fela Anikulapo Kuti ya yi waƙar nan da ta jawo masa fushin soja a Legas cikin 1977. To amma zombin da samari suke gardama a kansa a teburin mai shayi ba soja ba ne. Gawa ce da ta tashi tana jan ƙafa, ba ta magana, ba ta san uwa ba balle ɗa, abin da ta sa gaba kawai shi ne ta ciji mai rai, wanda ta ciza kuma ya zama irinta. Wasu sun ce ƙaryar Bature ce. Wasu sun ce ai duniya da faɗi take.

Tambayar ta yi kama da shiririta, amma duk wanda ya bi ta a hankali zai ga ta kai shi ƙofar asibiti, domin akwai cututtuka biyu da wannan yanki ya sani waɗanda suke raba mutum da hankalinsa tun yana numfashi. Ɗaya an kusa gamawa da ita. Ɗayar tana nan tana yawo a tsakar gida da ƙafa huɗu.

Ba Bature ne ya kawo labarin ba

Kafanchan mahaɗar jirgin ƙasa ce tun 1927, inda layin da ya taso daga Fatakwal ya rabu, ɗaya ya nufi Kaduna ɗaya ya hau Jos. Garin da fasinja suke kwana a tasha kuwa ba ya rasa labari. Akwai irin labarin da kowa ya taɓa ji, na mutumin da aka binne a ƙauye a gaban jama'a, bayan shekaru wani ɗan garinsu ya gan shi yana dako a wata kasuwa ta Kudu, da ya kira sunansa sai ya neme shi ya rasa. Yarbawa suna kiran irin wannan mutum akudaaya. Bakweri na gindin Dutsen Kamaru, waɗanda har 1960 ake mulkinsu tare da Nijeriya, suna da nyongo: sun ce mai wannan sihiri yana kashe ɗan'uwansa, ya kai shi Dutsen Kupe ya riƙa yi masa aiki a ɓoye. An yi lokacin da duk wanda ya yi rufin kwano a cikinsu sai a fara kallonsa da wutsiyar ido. Bahaushe yana da maye mai kama kurwa, mutum ya yi ta ramewa yana zaune kamar an zare masa laka. Bajju kuma suna da nkut, wanda shi ma ake jingina masa ciwon da aka rasa kansa.

Duk waɗannan labaru tsoro guda suke ɗauke da shi, watau a ce ga jikin mutum nan ana gani, amma mai jikin ba ya ciki.

Sai dai in ana zancen gawa ce ta ainihi, likitoci sun daɗe da rufe wannan ƙofa. Tsokar jiki ba ta motsi sai da abinci da iskar da jini yake kai mata, jini kuwa ba ya gudu sai zuciya ta tura shi. Mutumin Kafanchan da ya san kan jirgi na kwal ba ya bukatar dogon bayani: in aka kashe wuta tukunya ta huce, ko sau nawa direba ya ja ƙarfe jirgi ba zai gusa ba. Da zarar zuciya ta tsaya, cikin minti 4 zuwa 6 ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa. Bayan 'yan sa'o'i gawa ta fara sandarewa, kafin sa'a 12 ta ƙame gaba ɗaya, shi ya sa masu wankan gawa suke gaggawar miƙar da hannuwa da ɗaure haɓa. In ƙamewar ta saki bayan kwana ɗaya ko biyu, ba rai ne ya dawo ba, ruɓa ce ta fara cin tsokar. Ƙudaje kuwa tun ranar farko suke zuba ƙwai, washegari tsutsa ta fito. Da a ce masu fim sun kawo zombinsu gindin Dutsen Kagoro a watan Agusta, tsakanin laima da zafi da kwarkwasa da ungulu, da bai kai Juma'a ba.

Abin da aka gano a Haiti

Asalin zombi ba a fim yake ba, a ƙasar Haiti yake, can hayin tekun Atlantika, inda Faransawa suka tara bayi daga Afirka ta Yamma da Kwango suna noma musu rake har bayin suka yi tawaye suka ƙwaci 'yancinsu a 1804. Masana da yawa suna ganin kalmar daga harshen mutanen Kwango ta fito. Zombin Haiti ba ya cizo, ba ya cin naman mutane. Bawa ne, wanda matsafi ya tono daga kabari ya sa shi aikin gona dare da rana ba lada. Sunan matsafin a can bokor, kunnen Bahaushe kuwa ba zai rasa jin kamarsa da boka ba. Ga mutanen da kakanninsu suka ɗauki mutuwa a matsayin hanya ɗaya tak ta kuɓuta daga bulala, babu tsoron da ya kai a ce ko a kabari ba a tsira ba. Mai cizon nan da samari suka sani ƙirƙirar Amurka ce, ya samo asali daga wani fim na George Romero a 1968.

Labarin da ya fi yin suna a Haiti shi ne na Clairvius Narcisse. A watan Mayu na 1962 likitoci a asibitin Albert Schweitzer suka rubuta cewa ya rasu, aka binne shi. A 1980 sai ga wani mutum ya tari 'yar'uwarsa a kasuwa ya ce shi ne, yana faɗin abubuwan da 'yan gida kaɗai suka sani. Ya ce an tono shi ne an kai shi gonar rake. A 1982 wani ɗalibin jami'ar Harvard mai suna Wade Davis ya tafi Haiti ya sayo garin maganin da matsafa suke haɗawa, ya ce sirrin yana cikin dafin wani kifin teku, ɗan'uwan talibamban na kogunanmu. Dafin yana shanye jiki har numfashi ya yi ƙasa ƙwarai, a ɗauka mutum ya cika. Bayanin ya yi daɗin ji, ya sayar da littafi, amma da masana dafi suka auna garin sai suka tarar dafin da ke ciki bai taka kara ya karya ba. Kuma tazarar da ke tsakanin abin da zai sumar da mutum da abin da zai kashe shi ta yi ƙanƙanta, ba abin da za a auna da tafin hannu ba ne.

Binciken da ya fi amfani a gare mu shi ne wanda Roland Littlewood da Chavannes Douyon suka buga a mujallar likitoci ta Lancet a 1997. Sun duba mutum uku da danginsu suka rantse matattunsu ne suka dawo. Ta farko taɓin hankali ne da ita, irin wanda yake daskarar da mutum ya ƙi magana. Na biyu ƙwaƙwalwarsa ce ta sami rauni, ga kuma farfaɗiya. Ta uku da raunin hankali aka haife ta. Gwajin jini na gado kuma ya nuna biyu daga cikinsu ba su haɗa komai da gidajen da suka karɓe su ba. Watau marasa lafiya ne masu gararamba a hanya, suka haɗu da iyalan da baƙin ciki bai sake su ba, kowa ya ga abin da zuciyarsa take so. Duk wanda ya ga yadda masu taɓin hankali suke kwana a tashoshin motarmu, nesa da garuruwansu, ba mai sanin sunansu, zai gane inda wani ɓangare na labarin ɗan dakon nan ya fito.

Akwai abu ɗaya cikin kayan matsafan Haiti da ba sai an tsallaka teku za a gan shi ba. Tsiron da aka ce suna ɗura wa wanda suka kama don ya zauna cikin maye ɗan gidan su zaƙami ne, wanda Hausawa suke yi wa laƙabi da haukata yaro, yana nan yana fitowa a kan juji da kango. Wanda ya sha shi bakinsa yakan bushe, jikinsa ya yi zafi, ƙwayar idonsa ta buɗe, ya riƙa magana da mutanen da ba su nan, in ya farfaɗo ba ya tuna komai. Wasu ba sa farfaɗowa. Samarin da suke wasa da shi su sani babu zombin fim da ya kai su kusa da abin.

Zamanin ciwon barci

Da za a tambayi tsofaffin wannan yanki ko sun taɓa ganin mai tafiya kamar gawa, da amsarsu ba ta fim ba ce. Ƙasar Jama'a da kewayenta ƙasar kurmi ce, kowane rafi da duhuwar itatuwa a bakinsa, nan kuwa ne gidan ƙudan tsando. Shi ne yake ɗauko ƙwayar ciwon barci daga jinin mai ciwo ya zuba wa mai lafiya, kuma da rana tsaka yake cizo, a mashaya da wurin wanki da inda ake tsallake rafi. Saboda haka mata masu ɗiban ruwa da masunta da leburorin da ke wanke kuza ba su da wurin ɓuya.

Ciwon yana farawa kamar zazzaɓi, da ciwon kai da ƙaiƙayi, sai kaluluwa ta fito a bayan wuya. Tun a 1803 wani likitan Ingila, Thomas Winterbottom, wanda ya yi aiki a Saliyo, ya rubuta cewa masu sayen bayi sukan shafa wuyan bawa, in sun ji wannan kumburi su ƙi saye. Bayan watanni, wani lokaci shekaru, ƙwayar ta ƙetara cikin ƙwaƙwalwa. A nan ne mutum yake canzawa. Barcinsa ya juye, ya yini yana gyangyaɗi ya kwana idonsa biyu. Mai fara'a ya koma mai faɗa ko mai shiru, ido ya kafe wuri ɗaya, hannu yana rawa, ƙafa tana jan ƙasa. Yakan yi barci da lomar tuwo a baki. Daga nan sai rama, sai suma, sai mutuwa. Irin ciwon da ke Afirka ta Yamma yakan ɗauki kamar shekara 3 kafin ya gama da mutum, shekara ukun nan kuwa 'yan gida suna kallon ɗan'uwansu yana fita daga jikinsa kaɗan kaɗan. Ina mamaki in sun ce kurwarsa aka kama?

Aikin layin dogo da haƙar kuza sun kwashi mutane daga wannan rafi zuwa wancan, ciwon ya bi su. A Ganawuri, maƙwabtan Manchok, ya yi ɓarna ƙwarai wajen 1930. Tsakanin 1931 da 1940 ma'aikatan ciwon barci sun duba mutane fiye da miliyan 3 a Nijeriya, galibi a Arewa, suka sami kusan 400,000 da cutar. Suna bin ƙauye ƙauye ana jera jama'a ana shafa wuya, wanda aka ji kumburi a tsotsi ruwan kaluluwar a duba da madubin likita. Aka sa mutane aikin gayya suna sassabe bakin rafuka. A Anchau, can arewacin lardin, aka fara babban shiri a 1937 ƙarƙashin Dokta Nash, aka tashi ƙauyuka aka gina sabon gari mai suna Takalafiya. Cibiyar binciken wannan ciwo da ke Kaduna, mai reshe a Vom, daga wannan yaƙi ta samo asali. Magungunan farko masu zafi ne, wani yana makantarwa, wanda ya fito a 1949 kuma yakan kashe kamar mutum 1 cikin 20 da aka yi wa. A 2018 aka amince da ƙwayar da ake haɗiya, kuma a wannan shekarar adadin waɗanda aka samu da ciwon a duniya duka ya sauka ƙasa da 1,000. Tsando bai ƙare ba, Fulanin Ladduga a ƙasar Kachia sun san sammoren da yake sa wa shanu. Amma mai barci da loma a baki ya zama tarihi a nan, kuma ba maye ko ɗaya aka kama kafin hakan ta yiwu.

Wanda yake cizo

Saura zancen cizo, wanda a kansa ne samari suka fi ɗaga murya. Shin akwai cutar da za ta shiga jikin halitta ta riƙa juya ta yadda take so? Akwai. A dazuzzukan ƙasashe masu zafi akwai wani irin funfuna da yake shiga jikin tururuwa, ya sa ta bar 'yan'uwanta ta hau tsiro ta ciji ganye ta mutu a maƙale, sa'an nan ya tsiro ta ƙeyarta ya zubo iri a kan na ƙasa. Masu fim sun ari wannan ma. Sai dai kowane irinsa da tururuwar da ya sani, kuma zafin jikin ɗan Adam ya fi ƙarfinsa.

Wadda ba ta jin tsoron zafin jikinmu ita ce ƙwayar haukan kare. A cikin yawu take. In kare ya yi cizo ba ta bin jini, sai ta kama jijiya ta riƙa hawa a hankali har ƙwaƙwalwa, shi ya sa ciwon yakan ɗauki wata 2 zuwa 3 kafin ya bayyana, wani lokaci mako guda, wani lokaci shekara. Cizon fuska ko wuya ya fi sauri domin hanyar gajeruwa ce. In ta isa, sai ta sauko cikin yawu, ta kuma cire wa karen tsoro, ya bar gida yana cizon duk abin da ya tarar, ko itace ko dutse ko ubangidansa. Ta shaƙe masa maƙogwaro yadda ba zai haɗiye yawun ba. Ƙwayar da ido ba ya gani ta mai da kare abin hawanta. Akwai kuma irin da ba ya faɗa, karen ya yi laƙwas, baki a sake, mai shi ya ɗauka ƙashi ne ya maƙale masa ya zura hannu don ya ciro. Wannan ya cuci mutane da yawa.

A jikin mutum abin ba ya kallo. Wurin cizon da ya daɗe da warkewa ya fara zugi ko ƙaiƙayi, sai zazzaɓi, sai firgita. Ƙishirwa tana cinsa, amma da ya ga ruwa maƙogwaro ya murɗe, ko iska ta taɓa fuskarsa sai ya zabura. Tsakanin wannan tashi da wancan hankalinsa yakan dawo, ya gane mahaifiyarsa, ya san halin da yake ciki. In alamun nan suka fito, kusan babu mai tashi. Inda fim ya yi ƙarya shi ne ba a taɓa tabbatar da wanda ya kamu ta hanyar cizon mutum ba, saboda haka babu dalilin ɗaure mara lafiya a ɗaki a gudu a bar shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 ne suke mutuwa da wannan ciwo kowace shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

A kudancin Kaduna kare ba baƙo ba ne. Yana gadi, yana farauta, a wasu gidaje kuma nama ne, kamar yadda yake a Filato da wasu sassan Kudu. Fatake suna ɗauko karnuka daga nesa zuwa kasuwanni irin ta Dawaki a ƙasar Kanke, ba takardar allura. Masu bincike na Vom da na Jami'ar Ahmadu Bello sun sha samun alamar ƙwayar a ƙwaƙwalwar karnukan da aka yanka suna da kamar lafiya. Naman da ya dahu ba ya ɗauke da ita. Haɗarin yana kan mai kamawa da mai fiɗa, musamman in da ƙujewa a hannunsa.

Ga yadda abin yakan kasance. Kare ya ciji yaro a hanyar gona, a kashe karen, a shafa magani a wurin, wasu su ƙona gashinsa su barbaɗa. Ciwo ya warke, kowa ya manta. Bayan wata biyu yaro ya fara gudun ruwa yana wani irin kuka, ba wanda ya tuna da kare, sai a fara tambayar wa ya kalle shi, wa ya ba shi abinci. Sau da yawa yatsa yakan tsaya a kan tsohuwar da mijinta ya rasu, ko kishiyar uwa. Zargin maita a nan, kamar sauran sassan ƙasar, ya raba zumunci, ya kori tsofaffi daga gidajensu, wani lokaci har da rasa rai. Gida ɗaya ya yi asara biyu.

Alhali maganin yana hannu tun 1885, sa'ad da Louis Pasteur ya yi wa wani yaro mai suna Joseph Meister allura a Faransa ya tsira. Watanni biyun nan da ƙwayar take hawa jijiya su ne damar mutum. Abu na farko shi ne a wanke wurin cizon nan take da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, sabulun wanki ma ya isa. Sa'an nan a tafi asibiti a ranar, kada a jira ganin alama. Ana yin allurar a ranar farko, da ta 3, da ta 7, da sauran ranakun da likita ya sa, in cizon mai zurfi ne kuma akwai wata da ake yi a bakin ciwon. Gaskiya allurar da tsada ga manomi, tana bukatar firiji, kuma ba kowane ƙaramin asibiti ke da ita ba, sau da yawa sai an shigo Kafanchan ko an wuce Jos. Wannan aikin hukuma ne, kuma mafi arha a gare ta shi ne ta yi wa karnuka, domin masana sun nuna in aka yi wa 70 cikin 100 na karnukan wuri rigakafi, cutar takan rasa hanya.

Shi kuma karen da ya yi cizon, in ana iya kama shi ba tare da haɗari ba, a ɗaure shi kwana 10 ana ba shi abinci, ana kuma ci gaba da allurar. In ya wuce kwanakin nan garau, hankali ya kwanta. In ya mutu, ko an riga an kashe shi, kada a ci kada a jefar, a kira malamin dabbobi ya aika da kan Vom, inda cibiyar binciken dabbobi take tun 1924, can ake dubawa, can kuma ake haɗa rigakafin karnuka. Hanyar da ta tashi daga Kafanchan ta bi Kagoro da Manchok da Ganawuri, ta Vom take wucewa kafin ta kai Bukuru.